Ɗan Umbadda a Ƙofar Kasino: A Koya Masa Lissafi, Ko a Ce Masa Kul?

A Umbadda babu gidan caca mai lasisi. Babu shi a sauran unguwannin Omdurman, babu shi a Khartum, babu shi a ko'ina cikin Sudan. A watan Satumba na 1983 Shugaba Ja'afar Numairi ya kafa dokokin shari'a, aka tuttular da giya a Kogin Nilu, aka rufe mashaya da wuraren holewa. Dokar laifuffuka ta 1991 ta zo ta ƙara wa ƙofar kwaɗo, domin sashenta na 80 ya haramta yin caca da buɗe wurin yin ta. Dattawan da suka yi samartaka a shekarun 1970 suna tuna Toto Kora, cacar hasashen wasannin ƙwallo da hukuma ta amince da ita kafin daga baya a soke ta, zamanin da gardamar ƙungiyoyin Hilal da Marikh kan raba wa da ƙane. Wanda aka haifa bayan nan kuwa, abin da ya sani shi ne dumna da karta a ƙofar gida bayan la'asar, ana buga konkan da wist, kuma yawanci abin da ake ci bai wuce dariya da tsiya ba. In kuɗi ya shiga wasan, a ɓoye yake shiga.

Yaƙi ne ya kawo mana maganar kasino. Faɗan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF ya tarwatsa Umbadda. Suk Libya, kasuwar da ke ciyar da yammacin Omdurman har ta aika kaya Kurdufan da Darfur, an wawashe ta, kuma sai ƙarshen Maris 2025 sojoji suka karɓe ta. Wanda ya samu kuɗin mota ya fice. Fiye da 'yan Sudan miliyan ɗaya suka shiga Masar, cikinsu har da Hausawa, jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka da na waɗanda suka yo hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Yau za ka ji Hausa a lungunan Faisal da Ard al-Liwa da Ain Shams a Alƙahira.

A birnin nan akwai gidajen caca cikin manyan otel-otel na bakin kogi, irin su Marriott na Zamalik da Semiramis da Ramses Hilton. Dokar Masar ta hana ɗan ƙasa yin caca a cikinsu. Baƙo mai fasfon waje kaɗai ake bari, kuma da kuɗin waje ake wasa. Wato saurayin da ya gudo daga Umbadda da jaka ɗaya, ƙofar da aka rufe wa Bamisire ɗan gari, shi a buɗe take gare shi. Waɗanda suka nufi Kamfala ko Nairobi su ma sun tarar da irin waɗannan gidaje, ga shagunan cacar ƙwallo birjik a bakin titi. Shi ya sa tambayar ta zama tamu: shin a zauna a bayyana wa 'ya'yanmu yadda kasino ke aiki, har a gaya musu ƙa'idojin abin da ake kira caca da hankali, ko kuwa a ce musu haramun ce, a yi shiru, kada bayanin ya zama talla?

Kafin a ji ta bakin kowa, ya kamata a san abin da ake gardama a kansa.

Mai shiga kasino yakan nuna fasfo a bakin ƙofa, a rubuta sunansa, sau da yawa a ɗauki hotonsa. Daga nan sai ya miƙa dalolinsa a ba shi ƙwandalolin roba masu launi. Wannan canjin ba don sauƙin ƙirga kaɗai ake yin sa ba. Mutumin da hannunsa zai yi rawa kafin ya ajiye takardar dala ɗari a kan tebur, ba ya jin komai in ya tura jan roba guda. Ɗakin sanyi ƙalau, kafet mai laushi, fitilu ba sa canzawa dare ko rana, kuma a gidaje da yawa ba za ka ga agogo ko taga ba. Ana kawo wa mai wasa abin sha, ana kiransa da girmamawa. Ɗan gudun hijirar da ya wuni a layin neman takardar zama ana yi masa tsawa, a nan sai ya ji ana ce masa ranka ya daɗe. Kada a raina wannan, domin da yawa ba kwaɗayin kuɗi ne ke fara kai su ba, kewar mutunci ce.

Kasino ba ya bukatar maguɗi, don ribarsa tana cikin ƙa'idar wasan, a fili. Ɗauki rulet, farantin nan mai juyawa da ake jefa wa ƙaramar ƙwallo. Na Turai yana da gurbi 37, daga 0 zuwa 36. In ka sa dala ɗaya a kan lamba guda ta fito, za a ba ka dala 35 a mayar maka da taka. To a ce ka sa dala ɗaya a kan kowane gurbi. Ka kashe 37, dole ɗaya ta ci, sai ka koma da 36. Dalar nan guda da ta ɓace ita ce la'adar gida, kashi 2.7 cikin ɗari. Farantin Amurka yana da sifiri biyu, gurbi 38, biya kuma bai ƙaru ba, don haka la'adarsa ta kai kashi 5.26. Mai sa kuɗi a kan ja ko baƙi yakan ɗauka raba-daidai ne, ya manta da koren sifirin da ke cinye su duka biyun. A wasan kartar nan ta ashirin da ɗaya, wadda suke kira bilakjak, wanda ya ƙware ƙwarai yana iya sauko da la'adar zuwa wajen rabin kashi ɗaya, amma ba ta zama sifiri. Wani malamin lissafi Ba'amurke, Edward Thorp, ya nuna a 1962 cewa mai ƙirga kartar da ta fita yana iya rinjayar gida. Abin da ya biyo baya shi ne gidajen suka ƙara yawan kartar da ake haɗawa, suka riƙa cuɗa ta akai-akai, wanda aka gane yana ƙirge kuma a raka shi waje.

Kashi 2.7 kamar ba komai ba ne, har wani zai ce ai dillalin kasuwar dabbobi ta Muwailih ya fi wannan tsada. Abin lura shi ne ba daga kuɗin da ka shigo da shi ake cire la'adar ba, daga duk abin da ka ɗora a tebur ake cire ta, kuma kuɗi ɗaya kake ta juyawa. A ƙaddara mutum ya shigo da dala 200, yana sa 10 a kowane juyi, ana juyi 40 a awa, ya zauna awa huɗu. Ya ɗora dala 1,600 ke nan. La'adar gida a kan wannan ta haura dala 43, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya shigo da shi. A farantin Amurka ta kusa ninkawa. Na'urorin da ake danna wa maɓalli, waɗanda a Najeriya ake kira kalokalo, sun fi haka ci, saboda la'adarsu ta fi yawa kuma mutum yana iya dannawa sau ɗaruruwa a awa guda. Wani daren wani zai fita da riba, tabbas. Mai gida ba ya damuwa, domin shi ba da mutum ɗaya yake wasa ba, da dubbai yake yi, kuma a kan dubbai lissafinsa ba ya kuskure.

Masu cewa a koyar daga nan suke kafa hujjarsu. A ganinsu jahilci ne ke cin mutanenmu kafin kasino ya ci su. Ɗan cacar da bai san lissafin nan ba yana shiga da imanin cewa akwai sirri: mafarki ya nuna masa lamba, ko an ba shi laƙani, ko ya lura ja ya fito sau biyar a jere don haka yanzu dole baƙi ya fito. Faranti ba shi da tunani, bai san abin da ya fito ɗazu ba. A kasinon Monte Karlo, ranar 18 ga Agusta 1913, baƙi ya fito sau 26 a jere, mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja suna cewa yanzu kam lokacinsa ya yi, suka yi asarar miliyoyi. Akwai kuma dabarar ninkawa da ake yaɗawa a waya kamar wani sabon ilimi: in an ci ka 10 sa 20, in an ci ka sa 40, ranar da ka ci ka mayar da komai. Faɗuwa bakwai a jere ta cinye dala 1,270, kuma juyi na takwas yana bukatar 1,280, duk don neman ribar dala 10. Irin wannan jerin faɗuwa yana zuwa kusan sau ɗaya cikin ɗari, ga shi kowane tebur yana da iyakar abin da ake yarda a sa. Masu wannan ra'ayi suna tambaya: in ba mu gaya wa yaro wannan ba, wa zai gaya masa? Mai tallar cacar?

Suna ƙarawa da cewa Umbadda ba ta Musulmi kaɗai ba ce, akwai Kiristoci daga Duwatsun Nuba da kudu, kuma ko cikin Musulmin ba kowa wa'azi ke tsayarwa ba. Wanda ya riga ya ƙudura sai ya shiga, gara ya shiga da linzami. Ya yanke abin da zai iya rasawa tun daga gida, ya ɗauka a hannu, ya bar katin banki da wayar da ke da manhajar banki ta Bankak a gida. Ya yanke lokacin fita. Kada ya ci bashi don wasa, kada ya bi sawun abin da ya rasa, kada ya yi wasa cikin maye ko ɓacin rai, kuma ya ɗauki abin da ya kashe a matsayin kuɗin kallo, ba jari ba. In ya ga abin yana neman fin ƙarfinsa, a ƙasashe da dama yana iya sa a rubuta sunansa cikin waɗanda ba za a bari su shiga ba. A Birtaniya akwai irin wannan tsari na intanet mai suna GamStop tun 2018, kuma daga Afrilu 2020 an hana caca da katin bashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 1.2 cikin ɗari na manyan mutanen duniya ne ke da cutar caca, wanda ke nuna mafi yawan masu taɓawa ba sa nutsewa. Me zai sa, in ji su, a yi wa kowa maganar da ta dace da mara lafiya kaɗai?

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce haramcin shekara arba'in bai kashe caca a Sudan ba, ɓoye ta ya yi, yanzu kuma ta shiga aljihu. Yaron da ba zai taɓa ganin ƙofar Marriott ba yana da manhajar cacar ƙwallo a wayarsa, da rulet a cikinta, ba a tambayarsa fasfo. A Kano ma Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a ƙarshen 2024, amma ba ta da mabuɗin rufe wayar kowa. Shirun manya ba ya hana yaro sani, sai dai ya hana shi sani daga bakin mai ƙaunarsa.

Masu cewa a tsawatar suna farawa daga inda Musulmi zai fara. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta yarda akwai wani amfani a giya da caca, amma ta nuna zunubinsu ya rinjayi amfanin. Ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida suka zo da hukunci na ƙarshe, cewa a nisance su, suka kuma ambaci dalili: gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da shagala daga ambaton Allah da salla. Malamai suna cewa umarnin nisanta ne, ba na ragewa ba, don haka babu wani ma'auni na caca da ya halatta, kamar yadda ba a cewa a sha giya rabin kofi. Dattijon da ya zauna yana karanta wa ɗansa ƙa'idojin shiga kasino, ko da kyakkyawar niyya, yaron ba ƙa'idojin zai riƙe ba. Abin da zai riƙe shi ne Baba ya ce ana iya shiga.

Da a nan suka tsaya, da wanda ba ya jin wa'azi ya kaɗa kai ya wuce. Amma hujjojinsu na duniya sun fi yadda ake zato nauyi, kuma na fi son a daɗe a kansu.

Na farko, dubi halin gwamnatocin da ke cin ribar abin. Masar tana karɓar kaso da kan kai rabin abin da gidajen caca suka samu, amma ta hana 'ya'yanta shiga. Monako, wadda kasino ya gina, ba ta yarda ɗan ƙasarta ya yi caca a Monte Karlo. Maleshiya ta hana Musulminta shiga kasinon Genting. Koriya ta Kudu tana da gidajen caca da yawa, amma ɗaya tak, Kangwon Land, aka yarda ɗan ƙasa ya shiga. Singafo da ta buɗe manyan gidaje biyu a 2010 ta ɗora wa ɗan ƙasa kuɗin shiga dalar Singafo 100 a rana, ta ƙara zuwa 150 a 2019, baƙo kuwa kyauta yake shiga. Waɗannan ƙasashe sun fi kowa sanin ƙa'idojin caca da hankali. Da ƙa'idojin sun isa kariya, da ba su gina wa nasu katanga ba. Mai tuwon da ba ya bari 'ya'yansa su ci daga tukunyar da yake sayarwa, ya gaya maka abin da ke ciki.

Na biyu, daga ina ribar take fitowa? Wani kwamiti na Majalisar Dattawan Birtaniya ya bayyana a rahotonsa na 2020 cewa kashi 60 cikin ɗari na ribar masana'antar caca yana fitowa ne daga kashi 5 na masu yi, waɗanda ko dai cutar ta kama su ko suna bakin kamuwa. Ashe ba mai hankalin da ya kashe dala ashirin ya tafi gida ne ke biyan kuɗin fitilu da kafet ba, wanda ya kasa tashi ne. Kamfanin da ke rubuta a yi caca da hankali a ƙasan tallarsa, da kowa ya bi shawarar, da ya rufe. Amfanin kalmar a wurinsa shi ne ta ɗauke laifi daga kan na'urar da aka ƙera don ta riƙe mutum, ta ɗora a kan mutumin. Wata mai bincike, Natasha Dow Schüll, ta shafe shekaru tana nazarin na'urorin Las Vegas, ta nuna a littafinta na 2012 yadda ake auna nasarar na'ura da tsawon lokacin da ta zaunar da mutum a gabanta. Ana sa ta nuna saura ƙiris ka ci, ana sa ta yi kiɗan murna ko da abin da ta mayar maka bai kai abin da ka sa ba. Ba banza ba likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka mayar da cutar caca cikin jerin jaraba a 2013, kusa da ta giya da ƙwaya. Ƙa'idar tashi in lokaci ya yi tana bukatar hankali kwance, shi kuma ɗakin gaba ɗaya an shirya shi ne don hankalin ya tashi.

Na uku lissafi ne, kuma shi ya fi ba ni mamaki. A ce mai dala 200 ya shiga da nufin ninka ta ya fita. In ya ɗora ta duka sau ɗaya a kan ja, damarsa ta kusa kashi 49 cikin ɗari. In kuwa ya bi a hankali, yana sa goma-goma har sai ya kai 400 ko ya ƙare, damarsa ta sauko zuwa wajen kashi 25. Taka-tsantsan ɗin da ake yabo shi ne ke ba la'ada lokacin cin aikinta. Wasa kaɗan-kaɗan yana da ma'ana ga wanda ya zo sayen nishaɗi, ya yarda tun farko zai bar kuɗin a can. Ga wanda ya zo neman kuɗin haya kuwa, babu hanyar hankali ko ɗaya, akwai ta faɗuwa da sauri da ta faɗuwa a hankali.

A nan ne nake ganin gardamar ta bar littafi ta sauko Umbadda. Ginshiƙin caca da hankali, wanda duk sauran ƙa'idojin ke jingine a kansa, shi ne kada ka sa sai kuɗin da za ka iya rasawa ba tare da kowa ya cutu ba. Magana ce ta gaskiya, an kuma yanka ta ne daidai da ɗan yawon buɗe ido mai albashi da fansho, wanda kuɗin aljihunsa nasa ne shi kaɗai. Kuɗin da ke hannun ɗan Umbadda a Alƙahira yau na wane ne? Awarwaron zinariyar mahaifiyarsa ne da aka sayar a hanya. Kwasar adashin yayarsa ce, wanda a Sudan ake kira sanduƙ. Gumin wansa ne da ke aiki a Jidda ko Riyad, wanda ya turo ta Bankak, ya aiko da hoton shaidar turawa yana cewa rabi na haya ne, rabi a aika wa su Inna da suka rage a gida. Kafin yaƙi dala ɗaya ba ta kai fam 600 na Sudan ba, daga baya ta haura 2,000. Jan roba guda na dala goma a tebur, a Omdurman abincin gida ne na kwanaki, a garin da mutane suka rayu da layin takiyya, tukunyar sadaka da matasan unguwa ke dafawa a ƙarƙashin ruwan harsashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk mai caca mai haɗari yana jawo wa kimanin mutum shida cutarwa. A gidajenmu, inda mutum ɗaya ke ɗauke da kakanni da ƙanne da marayun ɗan'uwa, shida ai somin-taɓi ne.

Yadda abin ke faruwa ba shi da hayaniya. Saurayi ya dawo da asuba, kawunsa ya tare shi a bakin ɗaki.

"Daga ina?"

"Kawu, wallahi kallo kawai na je yi, wani aboki na raka."

Mako biyu bayan nan mai gida ya zo karɓar haya, sai a ji wai kuɗin ya maƙale a banki. Sai wayar ƙanwarsa ta ɓata. Sai a ga ya daina zama cin abinci da mutane, yana raɓe da waya a bayan gida. Kafin a gane, bashi ya kai inda ba a iya faɗa, kuma shi kansa ya yi imani hanya ɗaya ta fita ita ce ya koma ya ciyo abin da ya rasa. Garin neman gira ake rasa ido. A wannan matakin, karanta masa ƙa'idojin caca da hankali ba ya amfani, kamar yadda ce masa haramun ce ba ta amfani, domin ya sani, kuma sanin ne ke hana shi buɗe baki.

Duk da haka ban bi masu tsawatarwa har ƙarshen hanyarsu ba. Inda suka ce a yi shiru kada bayani ya zama talla, nan na rabu da su. Tallar tana nan ko mun yi magana ko ba mu yi ba, a rigunan 'yan ƙwallon da yaranmu ke kallo da kuma cikin wayoyinsu, kuma tana ƙara matsowa: a Oktoba 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ba kamfanin Wynn lasisin buɗe kasino a Ras al-Khaima, a ƙasar da dubban 'yan Sudan ke neman abinci. Yaron da aka ce masa haramun ce kawai, ba a nuna masa gurbi 37 da biyan 35 ba, yakan ɗauka an hana shi wata hanyar arziki ce saboda tsoron Allah, don haka ranar da talauci ya matse shi sai ya ce Allah Mai gafara ne, ya gwada. Wanda aka nuna wa lissafin ya san ba arziki aka hana shi ba, asara aka tsare masa. Tsawa marar bayani kuma tana haifar da kunyar da ke sa mai cutar ya ɓoye har sai gida ya rushe.

Haka nan ban yarda da masu koyarwa ba inda suke kiran abin da suke koyarwa caca da hankali, kamar akwai wani ma'auni da ya dace da mu. Ga Musulmi babu shi a addini. Ga wanda ba Musulmi ba, ko wanda ba ya jin wannan kira, ƙa'idojin suna rage ɓarna, kuma gara ya san su da ya rasa su. Amma a karanta masa su da gaskiya, a fara da ta farkon: kuɗin da ba na kowa ba ne sai naka, wanda in ya tafi babu mai kwana da yunwa. Ya laluba aljihunsa ya gani ko yana da irin wannan kuɗin. A cikin waɗanda suka baro Umbadda tun 2023, da waɗanda ke komawa yanzu su tarar da gida ba ƙofa ba taga, ban ga mai shi ba sai ɗaiɗaiku.

Don haka kirana ga limamai da shugabannin ƙungiyoyin Hausawa, a Umbadda da Alƙahira da Kamfala, shi ne su haɗa biyun a zama ɗaya. Malam ya faɗi hukunci, sannan a miƙa wa malamin lissafi alli ya zana farantin a allo, da Hausa da Larabci, har yaro ya ƙirga da hannunsa ya ga inda dalarsa ke tafiya. Masu turo kuɗi daga waje su riƙa tura na haya kai tsaye ga mai gida ko ga uwa, ba don zargin kowa ba. Wanda kuma ya riga ya faɗa ciki, kada a kore shi, kada a biya masa bashi a ɓoye ya koma. A karɓi katinsa da yardarsa, a goge manhajar daga wayarsa, a sa wani babba ya riƙe masa kuɗi, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa kamar yadda za a kai mai kowace irin cuta.